Yaron da ba ya waiwaye idan an kira sunansa: fashin baƙi kan lalurar otizim a gidajen Maraɗi

A wani taron suna da aka yi a unguwarmu nan Maraɗi, na ga wani yaro ɗan shekara huɗu zaune a gindin randa, ya jera marafan kwalaben lemo a layi ɗaya, ja kusa da ja, kore kusa da kore. Mata suna ta shige da fice, ana rabon goro da fanke, shi kuwa ko ɗaga kai bai yi ba, kuma sau uku uwarsa tana kiran sunansa bai waiwayo ba. Da maroƙi ya buɗe murya a amsa-kuwwa daga ƙofar gida, sai yaron ya toshe kunnuwansa da tafin hannu, ya ƙwalla ƙara, ya shiga buga goshinsa da bango. Kakarsa ta wajen uba ta dubi uwar ta ce, "Ke ƴar nan, ɗauke shi ki kai ɗaki, kada ya ba mu kunya a cikin mutane." Uwar ta ce, "To, Inna," ta sunkuce shi yana ta zillo. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta yi ƙasa da murya ta ce, "Wannan yaro ba shi kaɗai ba ne," tana nufin akwai iska tare da shi.

Abin da ya ɗaure wa mutanen gidan kai shi ne, yaron da suka daɗe suna zaton kurma ne, shi ne kuma amon amsa-kuwwa ya gigita, kuma an ce ko daga zaure aka motsa ledar biskit sai ya ji ya fito. Irin waɗannan yara muna da sunaye da yawa da muke laƙaba musu: kurma, bebe, mai nauyin baki, dolo, taɓaɓɓe, ɗan ruwa. A gidajen rediyo ana jin kalmar galahanga, amma ita wannan kalma ta zama babban buhu da ake zuba lalurori daban-daban a ciki, har da na yaran da gaɓoɓinsu suka shanye tun haihuwa. Sunan da likitoci suke kiran wannan lalura da shi, da Faransanci da Turanci duka, shi ne otizim, kuma da shi zan yi amfani domin kada a cakuɗa ta da wasu.

Otizim bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa take ginuwa tun yaro yana ciki, kuma ana gane shi ta fuska biyu waɗanda dole su haɗu. Ta farko ita ce wahalar mu'amala da isar da saƙo, wato magana da nuni da karanta fuskar mutane da gane abin da suke nufi. Ta biyu ita ce maimaita abu ɗaya da son komai ya tsaya yadda aka saba: kaɗa hannuwa, jujjuya jiki, jera abubuwa, bin hanya ɗaya kullum, da tashin hankali idan an sauya wurin kwana ko kwanon cin abinci. A cikin fuska ta biyun ne ake saka yadda ji da gani da taɓi suke zo musu da ƙarfi fiye da kima, ko kuma su zo a dushe. Amon da ni da ke muke ji a matsayin hayaniyar biki, shi yana iya jin sa kamar ana huda masa kunne da basilla, kuma sabuwar shadda mai sitaci da aka ɗinka masa don salla tana iya zame masa ƙaya a jiki.

Likitan da ya fara fayyace lalurar a rubuce har duniya ta ɗauka shi ne Leo Kanner, a birnin Baltimore na Amurka, a 1943, bayan ya lura da yara 11. A 1944 Hans Asperger ya bayyana wasu yara a birnin Viyana masu magana sosai amma masu irin wannan wahala ta cuɗanya. An daɗe ana ɗaukar su a matsayin abubuwa biyu, sai a 2013 kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ya haɗe su a ƙarƙashin suna ɗaya mai matakai. Muhimmancin wannan a wurinmu shi ne kada a auna wani yaro da wani. Akwai wanda zai rayu har tsufa bai furta jimla ba, yana buƙatar a yi masa wanka, akwai kuma wanda zai ci jarrabawa ya shiga jami'ar Ɗan Dikko Ɗanƙulodo, mutane suna ta cewa dai ba shi da son jama'a. Kimanin kashi ɗaya cikin uku suna da raunin fahimta tare da lalurar, sauran ba su da shi.

A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin yaro 1 cikin 100 yana da otizim. A Amurka, inda ake tantance yara sosai, alƙaluman da aka fitar a 2025 sun nuna 1 cikin 31 a tsakanin ƴan shekara 8, kuma babban abin da ya ɗaga adadin shi ne faɗaɗa ma'anar lalurar da yawaitar bincike. Ƙidayar 2012 ta ba jahar Maraɗi mutum sama da miliyan 3 da dubu 400, kusan rabinsu ƴan ƙasa da shekara 15. Idan aka ɗora ma'aunin 1 cikin 100 a kan wannan, lissafi zai kai yara wajen dubu 17 tun a wancan lokaci, daga Madarunfa zuwa Dakoro. Duk wanda ya ce wannan cutar ƴaƴan Turawa ce, ya tuna yara nawa ya sani a ƙauyensu da ake ɓoyewa a ƙuryar ɗaki idan an yi baƙi.

Tambayar da ake fara yi a gidajenmu ita ce wa ya jawo, kuma kusan kullum yatsa uwa yake nunawa. An ce ta fita da almuru tana da ciki, ko ta zubar da ruwan zafi ba bisimilla, ko kishiya ta yi mata sammu, ko a danginsu abin yake. Ba mu kaɗai muka yi wa uwaye wannan zalunci ba, domin a shekarun 1950 da 1960 manyan masana a Amurka sun koyar da cewa sanyin zuciyar uwa ne yake haifar da lalurar, mata da yawa suka mutu da wannan baƙin ciki kafin a gano zancen ba shi da tushe. Binciken da aka yi kan tagwaye a Ingila a 1977 shi ya fara nuna ƙarfin gado a ciki, sannan a 2019 wani bincike da ya haɗa yara kimanin miliyan 2 daga ƙasashe 5 ya ƙiyasta rabon gado da kusan kashi 80 cikin 100. Gadon nan ƙwayoyin halitta ne masu ɗimbin yawa, daga wajen uba da wajen uwa, wani lokaci ma sabon sauyi ne da babu shi a jikin ko ɗayansu. Akwai abubuwan da suke ƙara yiwuwar samun lalurar: haihuwar bakwaini, ƙarancin nauyi sosai lokacin haihuwa, shan maganin farfaɗiya mai suna Dépakine da ciki, da yawan shekarun iyaye. Yawan shekarun uba yana cikin lissafin, ko da yake wannan ba a cika ambata shi a zauren dattawa ba. Macen da take shan maganin farfaɗiya kada ta daina da kanta, ta je wurin likita tun kafin ta ɗauki ciki. Gidan da aka samu yaro ɗaya kuma, kimanin 1 cikin 5 na ƙannensa yana iya zuwa da lalurar, saboda haka sai a sa musu ido da wuri.

Akwai wani abu da yake ƙara rura wutar zargi. Wasu yaran sukan fara furta kalmomi, "Inna", "ruwa", "zo", sannan tsakanin wata 15 zuwa 24 kalmomin su ɓace, yaro ya janye jikinsa. Wannan lokaci shi ne daidai lokacin yaye a wurinmu, shi ne kuma lokacin da uwa takan samu wani ciki, sai a ce ya sha ciki ne ko an yi masa yayen gaggawa. Lokacin kuma bai yi nisa da na alluran rigakafi ba, don haka wasu suke ɗora wa allura laifi. Wannan zargi na ƙarshe yana da asali sananne. A 1998 wani likitan Ingila, Andrew Wakefield, ya wallafa rahoto a wata mujallar likitoci kan yara 12 yana alaƙanta rigakafin ƙyanda da otizim. Daga baya aka gano maguɗi a aikin, mujallar ta janye shi a 2010, aka kuma soke lasisinsa na aikin likita. A 2019 masu bincike a Danmak sun bi yara sama da dubu 650, ba su ga wani bambanci tsakanin waɗanda aka yi wa allurar da waɗanda ba a yi wa ba. Mu da muka san yadda ƙyanda take kwasar yara da rani, bai kamata mu sayi wannan tsohuwar ƙarya ba.

Alamomin da ya dace a lura da su suna bayyana tun kafin shekara biyu. Yaro ya kai wata 12 ba ya gwaranci, ba ya waiwaye idan an kira shi. Ya kai wata 16 ba kalma ko ɗaya. Ya kai wata 18 ba ya nuna abu da yatsa domin ya sa a kalla tare da shi, kamar jirgin sama ko raƙumi mai wucewa. Ya kai shekara 2 ba ya haɗa kalma biyu. Idan yana son ruwa sai ya kama hannun uwarsa ya ɗora a kan moɗa, kamar hannun wani kayan aiki ne, ba tare da ya dubi fuskarta ba. Tsararrakinsa suna tuwon ƙasa suna goya ƴar tsana, shi kuma ya kifar da motar kara yana juya ƙafarta ɗaya har rana ta faɗi. Sai dai a nan akwai wurin da al'adarmu take buƙatar a yi hattara. Littattafan likitoci suna yawan ambaton rashin haɗa ido, mu kuwa muna tarbiyyar yaro ne a kan ya sunkuyar da kai gaban manya, don haka ɗan shekara shida da ya ƙi kallon idon likita ba hujja ba ne. Abin dubawa shi ne jariri a lokacin shan nono, ko yana neman idon uwarsa, ko yana mayar da murmushi. Haka nan uwa mai kunyar ɗan fari ba ta kiran sunansa, sai a gwada da sunan da ya saba ji a bakin kaka ko goggo. Kuma kunyar ɗan fari ba ta jawo otizim, kada wani ya ɗauko wannan ya ƙara wa uwa kaya.

Idan an ga alamu, maganar "ƙyale shi, ubansa ma sai da ya shekara huɗu ya yi magana" tana cinye shekarun da suka fi amfani. A je asibiti, a fara da auna ji, domin a ƙasar da sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa da ciwon kunne mai ruwa suka yawaita, yara da yawa da ba sa magana kurumta ce ta gaskiya take damun su, kuma taimakonsu daban ne. A kuma gaya wa likita idan yaro yana suma ko yana ƙurawa wuri ɗaya ido na ɗan lokaci ba ya motsi, saboda farfaɗiya tana yawan tafiya tare da otizim, ita kuwa tana da magani. Babu gwajin jini ko hoton kai da yake nuna otizim. Da lura da tambayar iyaye ake gane shi. Tsarin duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta da aka kafa a Nijar tun 2006 ƙofa ce da ya kamata a yi amfani da ita, kuma da ma'aikatan awo za su ƙara tambaya uku ko huɗu kan magana da nuni a duk lokacin da suke auna nauyi, da an tsinci yara masu yawa da wuri.

Maganar da ta fi ɗaci a faɗa wa iyaye ita ce babu ƙwaya ko allura ko saiwa da take cire otizim. Magungunan da likita yake bayarwa na abubuwan da suke rakiyarsa ne, kamar farfaɗiya da rashin barci da tsananin fushi mai kai yaro ga raunata kansa. Na ga gidan da aka sayar da akuyoyi da buhunan gero, aka bi masu magani daga nan har ƙetaren iyaka, kowa yana cewa wanda ya gabace shi bai gano aljanin ba. Addu'a ba ta da laifi, kuma babu mai raba mumini da ita. Laifin yana wurin duka da sunan fitar da iska, da turnuƙe yaro da hayaƙi a rufaffen ɗaki, da yi masa tsawa a kunne, da sa masa mari a ƙafa. Yaron da ƙarar amsa-kuwwa take sa shi buga kai da bango, idan aka danne shi ana ihu a kansa dole ya yi ƙara ya yi fizge-fizge, sai a ce ga aljanin nan ya yi magana, alhali azaba ce take magana.

Ƙwararrun da suke koyar da magana da na ƙwaƙwalwar yara ƴan ƙalilan ne a ƙasar nan, mafi yawansu kuma a Yamai suke. A ganina wannan ba dalilin naɗe hannu ba ne, domin abin da ya fi taimakon yaron ana yin sa ne a tsakar gida, kullum, cikin ayyukan da aka saba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da wani shiri na horar da iyayen yara ƴan shekara 2 zuwa 9, zama 9 a rukuni da ziyara 3 a gida, wanda ma'aikatan da ba ƙwararru ba suke gudanarwa, an kuma gwada shi a Habasha da Kenya. Tushensa mai sauƙi ne. A zauna ƙasa daidai da fuskar yaro, a shiga wasan da yake yi maimakon a ƙwace masa shi. Idan yana jera marafai, a riƙe guda a hannu kusa da fuska, a ɗan jira ya duba ko ya miƙo hannu, a ce "ja", a ba shi. Idan ya ja hannun uwa zuwa randa, ta tsaya ta ce "ruwa", kalma ɗaya, ta jira kaɗan, duk wani yunƙuri da ya yi, ko sauti ko nuni, ta karɓa ta ba shi ya sha. Wanda magana ta ƙi zo masa a koya masa nuni da hannu ko hotuna a waya, hoton moɗa da na tuwo da na bayan gida. Wannan ba ya hana magana fitowa, kuma yana rage kuka ƙwarai, domin yawancin abin da muke kira rigima saƙo ne da ya rasa hanyar fita: yunwa, ciwon haƙori, cushewar ciki, hayaniya, ko an sauya wani abu ba a gaya masa ba.

Lokutan salla biyar sun riga sun tsara mana yini, kuma wannan tsari alheri ne ga yaro mai son komai a kan ƙa'ida: wanka bayan asuba, abinci bayan azahar, kwanciya bayan lisha. Idan za a je biki a faɗa masa tun da wuri, a tanadi ɗaki mai shiru da zai koma idan abin ya yi masa yawa. Kaɗa hannu da jujjuya jiki, muddin ba ya jin rauni, a bar shi, da shi yake kwantar da hankalinsa. Zaɓen abinci kuwa a ɗauke shi da muhimmanci, saboda yaron da ba ya cin komai sai biskit da farar shinkafa tamowa tana iya kama shi a gidan da ake da wadata. A riƙa ajiye ɗan sabon abinci kusa da wanda ya saba, ba ɗure ba duka, ko da zai ɗauki makonni kafin ya taɓa.

Babban gida irin namu yana da fa'idar da Turawa suke biya da kuɗi, wato hannaye da yawa, amma sai an yi wa kowa bayani, daga kaka har yayye, in ba haka ba hannayen nan su ne za su zama masu tsokana da duka. Uba yana da babban rabo a nan, domin idan ya ce a gaban danginsa "ɗana ne, ba laifin uwarsa ba ne", bakin kowa zai mutu. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, amma mun ga matan da aka saka saboda irin wannan yaro, suka koma gidan iyaye da shi a goye. Uwar da ba ta barci, ba ta zuwa suna ko gaisuwar mutuwa, tana buƙatar wanda zai karɓe ta ko da yini ɗaya a mako. Ita ma yayar da aka ɗora wa reno har aka cire ta daga lakwal tana da haƙƙi. Sannan akwai haɗarin fita. Da yawa daga cikin waɗannan yara ba sa gane haɗari kuma ruwa yana jan su, don haka rijiya a rufe ta, da damina a kula da tafkuna da gulbi, a sanar da mai shago da ƴan kabu-kabun bakin layi, a ɗinka lambar waya a jikin rigarsa.

A makaranta, aji mai cike da yara da makarantar allo inda kowa yake ɗaga murya lokaci ɗaya wurare ne masu wuya gare shi. Malam zai taimaka idan ya zaunar da shi a gefe kusa da shi, ya ba shi umarni ɗaya a gajarce, ya ajiye bulala. Wasu yaran suna haddace surori masu tsawo daga ji kawai, amma ba za su iya cewa suna jin ƙishirwa ba. Baiwa ce a yi murna da ita, sai dai ba kowane yaro yake da ita ba, kuma ba hujja ce ta tura shi almajiranci wani gari ba, inda ba zai iya faɗin abin da aka yi masa ba. Ana gano lalurar a maza kusan ninki huɗu na mata, amma wani ɓangare na tazarar rashin lura ne, domin yarinyar da ba ta magana ba ta shiga mutane yabo take samu, a ce mai kunya ce mai natsuwa. Irin wannan yarinya ɗora mata talla jefa ta ne a hannun mugaye.

Yaro mai otizim yana girma ya zama babba mai otizim, kuma mutane da yawa daga cikinsu da suka iya bayyana kansu sun ce ba sa son a riƙa kallon su a matsayin marasa lafiya masu jiran warkewa. Temple Grandin, wadda aka haifa a 1947 kuma ba ta yi magana ba sai da ta wuce shekara uku, ta zama farfesar ilimin dabbobi a Kolorado, kuma hanyoyin kora shanu masu lanƙwasa da ta zana sun bazu a mayankan Amurka. Donald Triplett, yaro na farko a cikin 11 na Kanner, ya yi aiki a bankin garinsu, ya tuƙa mota, ya rasu a 2023 yana da shekara 89. Danginsa masu hali ne, amma abin da ya riƙe shi har tsufa shi ne ƙaramin garin da ya san shi ya kuma tsare shi. A nan ma akwai sana'o'in da suke son mai haƙurin maimaita abu da lura da ƙananan bambance-bambance: kiwon jar akuya, saƙar tabarma, ɗinkin hula, tsince gujiya, gyaran waya. A fara koyar da su tun yana ƙarami, tare da wanka da tsarki da sa tufafi da ƙirga kuɗi.

Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman a 2008, ta kuma yi dokarta a kansu a 2019, kuma ranar 2 ga Afrilu ta kowace shekara ita ce ranar wayar da kai kan otizim a duniya. Amma idan ana rabon tallafi makafi da guragu da kutare ake ƙirgawa, saboda su ido yake gani kuma suna da sarakunansu, mai otizim kuwa ba shi da sarki sai iyayensa, sai fa idan sun haɗa kai sun yi ƙungiya. Aurar da shi ko ita domin "hankali ya dawo" ba magani ba ne. Wanda ya fahimci aure kuma yake so a taimaka masa, wanda bai fahimta ba kada a yi masa dole. Iyaye kuma tun suna da rai su zaunar da ƴaƴansu a gaban shaidu, a rubuta wanda zai riƙe shi bayansu, da wanda zai kula da rabonsa na gona ko na gida, da yadda za a riƙa ciyar da shi daga amfanin rabon nan.